Sai-Anjima da Rumbun Gwajin Ruwa

Yayarsa ce ta fara kiransa Sai-Anjima, tun yana ɗan shekara bakwai, don ba a taɓa gama yi masa magana yana wurin ba. Za a ce ya sayo gishiri da ashana, kafin a kai ga ashanar ya isa ƙofar gida, yana waiwaye yana cewa sai an jima. Sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi wuraren aiki goma sha ɗaya, har ta kai 'ya'yansa ma in an tambaye su sunan babansu sai sun ɗan yi tunani.

Mahaifinsu mai gyaran rediyo ne, a wani shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba. Ya so ɗan ya gaje shi, kuma yaron ya nuna alama. Cikin wata guda ya iya riƙe ƙarfen dalma, da wari kawai yana gane wayar da ta ƙone. Matsalar ita ce da zarar rediyo ya yi magana, shi ya gama da shi. Zai bar murfin a buɗe, ƙusoshi a warwatse kan benci, ya fice abinsa. Uban zai bi yana tsincewa yana cewa hannun dai na gyara ne, kujera ce ba ta son yaron. Da tsohon ya rasu, Yaya ce ta riƙe ƙanen nata har ya gama sakandare.

Daga nan ya shiga yawo cikin sana'o'i. Ya yi gyaran wayar hannu, ya yi aiki a shagon buga takardu, ya hau rufin ofisoshi yana jan wayoyin intanet har ƙura ta zame masa turare. A can ne ya ga masu kula da kwamfutocin kamfani suna zaune cikin sanyi suna ba shi umarni, ya ce shi ma bai ga abin da zai hana shi ba. Ya shiga karatun yamma, ya koya, ya kuma iya. Ba a taɓa korarsa daga aiki ba, bai taɓa barin wuri da faɗa ba. Haka kawai wata safiya zai zauna a teburinsa ya ji kamar bangon ya matso, ƙafarsa ta fara kaɗawa a ƙarƙashin tebur, kafin wata uku ya rubuta takardar ajiye aiki.

Matarsa tela ce, mace mai ƙarancin magana wadda in ta yi guda ɗaya sai an kwana ana juya ta. Sau tara suka tashi daga gida zuwa gida. Takan ce kekenta na ɗinki ya fi sanin bayan mota a kan daɓen ɗaki. Duk inda suka sauka sai ta yi wata shida kafin matan unguwa su yarda da hannunta, ta yi shekara kafin su fara kawo mata kayan kirki, sannan ya dawo da yamma yana murmushin nan da ta sani. 'Ya'ya uku suka haifa, kowanne a gari dabam.

Yana da shekara arba'in da huɗu ya sami aiki a wani ɗakin gwajin ruwa. Wurin yana hawa na biyu na wani tsohon bene, da firji uku a jere, da kwalabe masu farin murfi, da akwatin ɗumi inda ake ajiye faranten gwaji su kwana. Masu rijiya, masu famfon burtsatse, makarantu da gidajen abinci, duk nan suke kawo ruwansu a duba ko yana shayuwa. Ofishinsa tsohon sito ne, babu taga, sai fanka mai ƙara kamar ana taɗa harshe. Abin da aka damƙa masa shi ne rumbun bayanai, wato ma'ajiyar kwamfuta da ke ɗauke da sakamakon gwaji na shekara goma sha biyu. Da ya zo, rumbun yana cikin wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburin mai karɓar baƙi, tana ɗora ƙafa a kanta in ta gaji.

Shi ya kwashe shi ya mayar gajimare. Darakta, shugabar wurin, ta tambaye shi wane irin gajimare, ya ce injuna ne na haya a wani babban kamfani mai nisa, ana isa gare su ta intanet, ba ruwansu da ɗaukewar wuta ko ƙafar mai karɓar baƙi. Bai tsaya nan ba. Ya rubuta duk tsarin a fayiloli: girman rumbun, sunansa, makullinsa, wa zai shiga, wa ba zai shiga ba. Akwai wata manhaja da ke karanta wannan rubutun ta gina abin da aka rubuta, kuma tana da rajista inda take lissafa duk abin da ta gina. Ya sa mata suna Magini. Kullum ƙarfe huɗu na yamma Magini zai duba ko abin da ke ƙasa ya yi daidai da abin da ke rubuce, in ya ga bambanci ya gyara da kansa. Sai-Anjima yana alfahari da wannan aiki, yana cewa ko yau ya tafi, duk wanda ya iya karatu zai ci gaba daga inda ya tsaya. Darakta ta kalle shi ta ce ita ba ta taɓa jin wanda ya fara aiki da shirin tafiya ba.

Ya yi shekara uku a wurin, abin da bai taɓa yi ba. Har Yaya ta fara cewa ko girma ya zo. A cikin ta huɗun wani kamfanin jigilar kaya a wani gari ya kira shi, ya amsa tun kafin ya gaya wa kowa a gida. Babbar 'yarsa, wadda take ajin ƙarshe a sakandare, ta ji labarin ta ajiye cokali ta shiga ɗaki. Matar ta ci gaba da zare tsinken allura daga bakin wata riga, ta tambaye shi kawai ko yaushe.

Wadda aka ɗauka ta maye gurbinsa sa'arsa ce, ta yi shekara goma sha biyar tana koyar da lissafi kafin ta juya ga wannan aiki, don haka kowa Malama yake ce mata. Tana karatu da yatsa a kan allo, layi bayan layi, leɓenta yana motsi. Mako biyu aka ba su na miƙa aiki, kuma tun ran farko ta ishe shi. Zai yi bayani a tsaye, ya kai ƙarshe, ta ce ya koma layi na uku. Zai fita ya zagaya firji ya dawo, ya same ta tana nan a layi na uku.

Ranar Laraba ta makon ƙarshe, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Malama ta sauka ofishin ma'aikata a ƙasa don a ɗauki hotonta na katin shaida. Shi kuma ya zauna shi kaɗai, ba shi da abin yi, kuma rashin abin yi bai taɓa zame masa alheri ba. Ya buɗe fayilolin yana dubawa, idonsa ya faɗa kan sunan da ya ba rumbun shekara uku da suka wuce, suna na wucin gadi da ya ce zai canza bai canza ba. Ya ji kunya a ce ya bar wa mai karatu da yatsa irin wannan. Ya goge ya rubuta suna mai kyau, ya tada Magini. Magini ya jero abin da zai yi, kamar kullum, ya tambaya ko a ci gaba. Daidai lokacin wayarsa ta yi ƙara, mai motar da zai kwashe musu kaya ne yana tambayar ko kujerun falo nawa ne. Ya miƙe, waya a kunne, ya rubuta e da hannu ɗaya, ya fita baranda yana ƙirga kujeru.

Magini bai san canjin suna ba. Abin da ya gani shi ne, rumbu mai tsohon suna ba ya cikin rubutu, don haka a rushe shi, rumbu mai sabon suna ba ya ƙasa, don haka a gina shi. Ya rubuta hakan ƙarara a allo, ba wanda ya karanta. Cikin minti bakwai ya gama aikinsa tsaf.

Mai karɓar baƙi ce ta fara leƙowa baranda ta ce ta nemi sunan wani mai burtsatse, kwamfuta ta ce babu shi. Ya ce ta sake gwadawa. Ta ce ta gwada mutum biyar, har da makarantar da ake gwada wa ruwa duk wata, babu ko ɗaya. Ya katse wayar ba sallama. Da ya koma sito ya karanta abin da ke allon, sai ya nemi kujera ya zauna. Rumbun yana nan, sabo fil, da kyakkyawan sunansa, ba komai a cikinsa.

Malama ta shigo da sabon katinta a wuya. Ta karanta allon daga sama har ƙasa, shi kuwa yana jira ta ce wani abu. Ta tambaya ina kwafin ajiya yake.

Nan dai Allah ya rufa masa asiri. Kwafin da kamfanin gajimare ke yi da kansa ya tafi tare da rumbun, amma tun shekarar farko ya tsara a riƙa ɗaukar wani kwafin kullum da asuba a kai shi wata ma'ajiya dabam. Ya buɗe, har sau biyu yana kuskuren kalmar sirri. Kwafin asubahin ranar yana nan. Sai dai bai taɓa gwada dawo da shi ba, ko sau ɗaya, kullum yana cewa sai ya sami lokaci.

Kafin ya taɓa komai Malama ta ce a je a gaya wa Darakta. Ya ce a bari a gyara tukuna, a je da labari mai daɗi. Ta ce mutane suna can suna shigar da sakamako cikin rumbun da ba komai, duk minti ɗaya ana ƙara ɓarna. Ya tafi. Darakta tana sa hannu a takardu, ta saurare shi ba ta ɗago ba, sannan ta cire tabarau.

"Wa ya taɓa?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Ita sabuwar fa?"

"Ba ta ma wurin."

Ta ce a dakatar da kowa daga shigar da komai, kuma tana son ta ji daga gare shi duk bayan rabin awa, ko da babu sabon labari.

Ya danna a dawo da kwafin. Allon ya nuna ana aiki, bai faɗi yaushe za a gama ba. Ya zauna, ya tashi, ya je ya sha ruwa, ya dawo, ya sake sabunta shafin. Ya gyara zaman wayoyin da ke bayan tebur waɗanda ba su yi masa komai ba. Ya kashe fanka saboda ƙararta, zafi ya dame shi ya kunna. Ya je wurin Darakta ya ce babu sabon labari, ya dawo. Malama tana gefe tana rubuta duk abin da suka yi a littafi, da lokacinsa. Da ya sabunta shafin karo na ba adadi, ta ce masa ba tare da ta kalle shi ba, tukunyar nan ba leƙe ne zai dafa ta ba, ya je ya yi salla ya dawo.

Minti hamsin da biyu aka ɗauka. Kwafin bai koma cikin rumbun da ke nan ba, don ba haka abin yake aiki ba. Wani rumbu na uku ya fito, da nasa sunan da nasa adireshin. Suka buɗe suka ƙirga: shekara goma sha biyar cif, har zuwa asubahin ranar. Da hannu ya juya manhajar ɗakin gwajin ta fuskanci sabon adireshin. Mai karɓar baƙi ta nemi mai burtsatsen nan, ya fito, da lambar wayarsa da komai. Sai-Anjima ya ja dogon numfashi ya fara tattara makullansa, yana cewa bari ya je ya sanar.

"Ƙarfe nawa yanzu?" in ji Malama.

"Biyu da kwata."

"Ƙarfe huɗu Magini zai tashi. Wane rumbu ya sani?"

Ya ajiye makullan. Magini bai san da rumbun da aka dawo da shi ba, tunda ba shi ya gina ba. A rajistarsa, na gaskiya shi ne wancan fanko mai kyakkyawan suna. Ƙarfe huɗu na yi zai ga an juya adireshi da hannu, ya ɗauka kuskure ne, ya mayar da kowa kan fankon. Sai-Anjima da kansa ya tsara haka, don kada wani ya yi gyaran bayan fage.

Suka fara da dakatar da tashin ƙarfe huɗu. Sannan suka cire fankon daga rajista, suka shigar da wanda aka dawo da shi, suka ce wa Magini wannan ne naka daga yau. Ya karɓa. Sai-Anjima ya tada shi don ya tabbatar, jerin ya fito, kuma yatsunsa sun riga sun isa kan maɓallan. Malama ta ɗora littafinta a kan hannunsa.

"Karanta mini layin ƙarshe."

Ya karanta. Za a rushe ɗaya, a gina ɗaya.

Wanda za a rushe ɗin shi ne wanda suka kwashe kusan awa guda suna jira. Rumbun da aka dawo da shi ya zo da makullin sirri na ma'ajiyar kwafi, ba wanda ke cikin rubutu ba, kuma irin wannan bambanci Magini ba ya gyara shi sai da rushewa. Sai-Anjima ya janye hannayensa ya sa su ƙarƙashin cinyoyinsa. Ya ce mata ita ta zauna a kujerar, shi zai faɗa ta rubuta.

Haka suka yi. Maimakon a tilasta rumbun ya bi rubutu, sai aka gyara rubutun ya bi rumbun, layi bayan layi. Su gyara, su tambayi Magini abin da zai yi, su karanta, su ƙi amincewa, su koma. Zagaye na biyu suna ne bai dace ba. Na uku lokacin ɗaukar kwafi. Na huɗu wata ƙaramar alama da shi kansa ya manta dalilin sa ta. Yana tsaye a bayanta yana kaiwa da komowa tsakanin ƙofa da kanta, taku uku zuwa, taku uku dawowa, har ta roƙe shi ya tsaya wuri ɗaya don inuwarsa tana gilmawa a allon. A zagaye na biyar Magini ya ce babu abin canzawa. Ƙarfe huɗu saura minti goma. Ta ƙara layi ɗaya da ke hana a rushe rumbun ko da wa ya ce e. Ya ce a goge fankon yanzu a huta, ta ce sunayen biyu sun yi kama, kuma yau idonsu ya gaji, a bar shi sai gobe.

Saura abin da kwafin bai ɗauka ba. Tsakanin asuba da ƙarfe goma sha ɗaya an shigar da sakamako arba'in da ɗaya. Talatin da takwas injin gwaji ne ya fitar, kuma yana ajiye nasa, aka sake kwasowa. Ukun da suka rage gwajin ƙwayoyin cuta ne, wanda ake ƙirgawa da ido a kan faranti. Dattijon da ke wannan aiki, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ya ƙirga su da safe ya shigar kai tsaye, aka kuma dafa farantan aka zubar kamar yadda doka ta ce. Da can yana rubutawa a babban littafi, Sai-Anjima ne ya sa aka daina, ya ce aiki biyu ne. Dattijon ya tuna sarai ɗaya daga cikin ukun ba shi da kyau, ƙwayoyin sun cika farantin. Amma da lamba yake ganinsu, ba da suna ba, kuma ba zai rantse wace lamba ce ba. Ya ce shi ba zai sa hannu a kan zato ba, ruwan sha ne.

Wuraren uku su ne famfon wata makarantar firamare, da rijiyar wani gidan abinci a bakin kasuwa, da tankin wani dogon gidan haya. Darakta ta ce a sake ɗebo ruwa, a kuma gaya wa dukkansu kada a sha sai an tafasa, har sakamako ya fito. Sai-Anjima ya ce shi zai bi direban da zai je ɗebo ruwan. Ta ce ba aikinsa ba ne. Ya ce ya sani.

A makarantar yara sun tashi, sai shugabar ce ta rage tana kulle ajujuwa. Ta tambaye shi ruwan ba shi da kyau ne, ya ce bai sani ba. Ta ce to me aka gwada jiya. Ya yi mata bayani yadda zai iya, ta saurara, sannan ta ce yara ɗari huɗu za su zo gobe da ƙishirwa, ita kuma tana da buta ɗaya ta lantarki. Ta ɗaure kan famfon da leda da igiya a gabansa. Mai gidan abincin ya ja shi bayan kanti don kada masu cin abinci su ji, ya ce in wannan magana ta fita kasuwa shi ya shiga uku. A gidan hayan sai da suka bi ƙofa goma sha shida suna ƙwanƙwasawa. Wata tsohuwa ta ce ta riga ta ba jikarta ruwan tun safe, ta tsaya tana kallonsa tana jiran ya ce ba komai. Ya maimaita mata a tafasa ruwan, ya wuce ƙofa ta gaba.

Ya isa gida bayan magariba. Matar tana guga, kwalaye uku a ɗaure a gefen ƙofa. Ya ba ta labarin a tsaye, daga farko har ƙarshe, bai rage laifinsa ba. Ta kife dutsen guga ta ce, "To da ita Malamar ba ta nan fa?" Ya kira Yaya, wai don ya ji muryarta, ta ce ita ba ta san gajimare ba, amma ta san wanda ya taɓa ƙona mata tukunya uku a mako guda. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Babbar 'yar ta kawo masa abinci ta ajiye, ta ce tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ita ba za ta canza makaranta wata biyar kafin jarrabawa ba, ko da za ta kwana a aji.

Gwajin yana bukatar awa ashirin da huɗu a akwatin ɗumi, kuma ba wanda ya isa ya rage masa minti. Washegari ya yini yana zarya a gaban akwatin har dattijon ya ce masa buɗe ƙofar yana rage zafi, in ya ƙara taɓawa za a sake daga farko. Ya koma sito, suka goge fankon shi da Malama, ita tana karanta sunan harafi-harafi, shi yana maimaitawa. Ta ce tana so su sake gwada dawo da kwafi daga farko, a gefe, ita da hannunta, ta rubuta kowane mataki. Suka yi. Ya ɗauke su awa uku, kuma sau biyu yana fita baranda ya dawo.

Da magariba sakamako ya fito. Tankin gidan hayan ne. Aka hau aka duba, murfin ya tsage, tsuntsaye suna kwana a bakinsa. Aka zubar da ruwan aka wanke tankin da magani. Jikar tsohuwar ta yi gudawa kwana biyu ta warke, kuma babu mai iya cewa daga ruwan ranar ne ko na makon da ya wuce, amma Sai-Anjima ya ɗora wa kansa. Makarantar ta kwance ledarta. Mai gidan abincin bai sake kawo ruwansa wurin ba.

Darakta ta sa ya rubuta rahoto, ya rubuta shafi biyu da sunansa a layin farko. Ta roƙe shi ya ƙara mako guda, ya ƙara. Wasu sun zaci abin zai sa ya fasa tafiya, har mai karɓar baƙi ta ce ta ga alama. Bai fasa ba. Ran Juma'ar ƙarshe ya miƙa wa Malama makullin sito, ya gaya mata fankar tana bukatar mai, ya sauka matakala da jakarsa.

Shi kaɗai ya tafi. Matar ta kwance kwalayen ta ce za su biyo shi bayan jarrabawa. Jarrabawa ta zo ta wuce, sai ga shi ta kama shago a bakin titi, ta sa an shimfiɗa masa tayil, ta ɗauki mata biyu suna taya ta ɗinki. Da ya yi maganar tashi, ta ce garin nan ya karɓe ta, motar haya kuma ba ta daina zuwa ba. Bai ja ba. Ya kama ɗaki guda kusa da sabon wurin aikin, katifa da tebur da ƙusa uku a bango na rataye riga.

Yanzu duk ran Juma'a da yamma yana tasha, awa huɗu ce tsakaninsa da gida. Yakan sayi kujerar gaba ya ajiye jaka a kai, ya zauna minti biyu. In motar ba ta cika ba sai ya sauko ya tsaya a bakin ƙofa yana taya kwandasta kiran fasinja, yana karɓar buhunan mutane yana miƙawa sama. Direbobin sun saba da shi, wani ma ya ɗauka ɗan ƙungiyarsu ne, ya taɓa tambayarsa a wane layi yake lodi.